Horon kare kai na ƙarshen mako a Katsina: inda ya yi daidai da inda ya kauce

A harabar wata makarantar kuɗi da ke gefen gari, ta wajen hanyar Dutsin-ma, wani tsohon soja da abokin aikinsa, ma'aikacin jinya da ya daɗe a sashen 'yan haɗari, suna ba da horon kare kai ranakun Asabar da Lahadi. Kwana biyu ne, daga ƙarfe takwas na safe zuwa azahar, sai a dawo bayan la'asar a ƙarasa. Galibin masu zuwa 'yan kasuwa ne masu bin Jibiya, Batsari, Charanchi da Mai'aduwa, sai direbobi, malaman makaranta da aka tura ƙauyuka, masu gadi da 'yan tsirarun mafarauta. Duk wanda ya je da burin a damƙa masa bindiga ya yi ta ɓarin wuta zai koma gida da ɓacin rai, domin ko harsashi ɗaya ba a harbawa. A ganina wannan shi ne shaidar farko cewa masu horon sun san abin da suke yi.

Ba sai an yi wa mutumin Katsina bayanin abin da ya sa ake neman irin wannan horo ba. Tun da tsohon gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira a 2021 cewa jama'a su tashi su kare kansu, maganar mallakar bindiga ta zama hirar majalisa. A watan Oktoba na 2023 gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, amma waɗannan ma'aikata ne da gwamnati ta ɗauka, ta horar, take biya. Talaka mai zaman kansa yana nan da tambayarsa: ɓarayin daji a hanya, ƙauraye, wato 'yan daba, da masu ƙwacen waya a cikin gari, ni me zan yi? Amsar da wannan horo ke bayarwa ita ce bindiga ce mafi ƙanƙantar kaso a cikin kare kai, kuma ita ce ta fi saurin jefa mai ita cikin masifa idan bai san dokarta da halinta ba.

Da doka ake farawa, kuma an kyauta. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindigogin yaƙi da ƙaramar bindigar hannu, waɗanda sai da lasin shugaban ƙasa. Na biyu bindigogin farauta, mai baki ɗaya da mai baki biyu, da bindigar iska ta harbin tsuntsu, waɗanda lasinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na ɗuri, wato harba-ka-ruga da danginta, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Akwai abu biyu da malamin ya tsaya a kai da mutane da yawa ba su sani ba. Na ɗaya, dokar ta fitar da duk bindigar farauta mai na'urar sake ɗura kanta daga kashi na biyu, shi ya sa 'yan sanda ke lissafa mai jan hannun nan da ake kira famp-akshin cikin haramtattu. Na biyu, a watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasi. Saboda haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka takarda ta bayan fage, kurkuku yake sayar maka. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Tunda har bindigar iska tana buƙatar lasi, masu horon sun tsaya a kan bindigogin katako da na roba, masu nauyi da tsayi irin na gaske, sai wata tsohuwar mai baki biyu da aka toshe, aka cire mata allura, don nuna sassa.

Sai kuma iyakar kare kai. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi don kare rai ko dukiya, amma gwargwadon larura. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta ƙara fayyace cewa ba a wuce abin da ake buƙata don kawar da haɗarin, kuma idan akwai sararin neman hukuma, to haƙƙin bai taso ba. Ma'anarsa a aikace: wanda ya juya baya yana gudu, ko ya faɗi, ko makaminsa ya dawo hannunka, ya daina zama barazana, abin da ka yi masa bayan nan kotu za ta iya kiransa kisa. Misalin da aka kawo shi ne na wani manomi a Adamawa da kotun ƙoli ta tabbatar wa hukuncin kisa a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa bayan ya ƙwace wuƙar wanda ya far masa yana da damar tserewa. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce a duk faɗin ƙasa, amma ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, ya kamata ya san haka alƙalai ke auna lamarin.

Darasin riƙon bindiga shi ne inda tsohon sojan ya fi nuna gwaninta. Ƙa'idoji huɗun da aka sani a ko'ina su ne ginshiƙi: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai ɗure, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba, yatsa ba ya shiga wajen kunama sai ka yanke shawarar harbi, kuma ka tabbatar da abin da kake nufi da abin da ke bayansa. Ba haddacewa ake sa mutane ba. Ana ba kowa bindigar katako ya riƙe tsawon safiya, yana tafiya, yana zama, yana tsallake benci, yana gaisawa da mutane, duk wanda bakin tasa ya ratsa jikin wani sai a busa usur. A awa ta farko usur ba ya hutawa. Wani dattijo mafarauci da aka busa wa ya ce, "Haba Oga, ai katako ne." Malamin ya amsa masa da ladabi, "Baba, hannun da ya saba da katako shi zai ɗauki ta ƙarfe." Kuskuren da ya fi yawa shi ne yatsa: mutum na tuntuɓe ko ya firgita, hannu kan damƙe da kansa, in yatsa na kan kunama harbi ya tashi ba tare da niyya ba. Don haka ake koya a miƙar da shi a jikin bindigar, sama da zoben kunama. Sefti kuwa, wato makullin da ke hana bindiga tashi, ƙarfe ne da kan lalace, kuma a yawancin masu baki biyu kunama kawai yake tarewa, bindigar da ta faɗi da ƙarfi tana iya tashi. Mai baki biyu a karye ake ɗaukar ta, babu harsashi a ciki, musamman a kan babur ko wajen tsallake shinge.

Abubuwan da ke fasa bututun bindiga an yi musu bayani dalla-dalla, kuma na ji daɗin yadda aka kawo su daidai da yanayinmu. Bindigar da aka jingine a lungun ɗaki wata da watanni, zanzaro kan yi gini a cikinta. Wadda aka dogara a gona da damina, laka kan toshe mata baki. Ko wanne ya isa ya tsage bututu a fuskar mai harbi, don haka kafin a ɗura sai an karya an leƙa ta baya an ga haske fes. Harsashi lamba 20, wanda ya fi lamba 12 siranta, idan aka jefa shi a bindiga lamba 12, zamewa yake ya maƙale a gaba, mutum ya zaci babu komai ya ƙara lamba 12 a bayansa. Haka kuma harsashi mai tsayin milimita 76 yana iya shiga gurbin da aka yi don milimita 70, amma in ya tashi bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, matsi ya wuce kima. Tsayin gurbin a rubuce yake a jikin bututu, a duba. Ga man shafa wa bindiga a lokacin hunturu: shafawa kaɗan ake yi a goge, domin mai da yawa da ƙurar hunturu in sun haɗu sai su zama danƙo, allura ta yi sanyin bugu.

Harba-ka-ruga ta fi kowace cin mai ita. Da yawa daga cikin na maƙera da bututun ruwa ake yin su, mai ɗinki a tsawonsa, wanda ba a yi shi don jure matsin albarushi ba. Abin da ya fi fasa ta shi ne ɗuri biyu, wato mutum ya manta ya ɗura ya sake ɗurawa. Maganinsa mai sauƙi ne: a zura sandar ɗuri lokacin da bindigar ba ta da komai, a yi wa sandar alama daidai bakin bututu, duk ranar da alamar ta tsaya a sama, akwai abu a ciki. Sai kuma masu farke harsashin bature su zuba garinsa a cikinta, alhali ƙarfinsa ya ninka na albarushin gargajiya nesa ba kusa ba. Idan aka ja kunama ba ta tashi ba, abin da ke yawan faruwa da damina saboda laima, kada a juyo ta a leƙa. A bar bakinta yana kallon inda babu kowa na aƙalla minti ɗaya, domin wuta kan ci a hankali ta tashi daga baya. Ga bindigar harsashi daƙiƙa 30 ake jira.

Bayan wannan ne malamin ya faɗi gaskiyar da ba kowa ke son ji ba. AK-47 tana ɗaukar harsashi 30, tana kai wa mutum daga mita 300. Bindigar farauta ba ta da tasiri sosai bayan mita 40, kuma harbi ɗaya ko biyu ne sai an sake ɗuri. Ɓarayin daji ba ɗai-ɗai suke zuwa ba. Magidanci ɗaya da ya tsaya musayar wuta da su daga soronsa ya nuna musu gidan da za su tattaru a kai ne kawai. Abin da ke tsirar da iyali shi ne samun labari da wuri, ƙofar da ke jinkirta mai shigowa, da hanyar fita da kowa a gidan ya sani. An tuna wa mutane yadda aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar a watan Satumba na 2021, don a gane cewa shirin da ya dogara ga waya kaɗai bai cika ba, sai an haɗa da usur ko wata alama da unguwa ta yarda da ita. An kuma ja kunne sosai a kan harbi cikin duhu. Wanda ke motsi a tsakar gida da tsakar dare sau da yawa ɗanka ne da ya dawo daga hira ko matarka da ta fito kewayawa. Tocila da kira da baki su ne kan gaba. Maganar maganin bindiga ma ta taso, malamin bai yi wa kowa izgili ba, ya dai ce a yi addu'a a kuma nemi mafaka, kuma kada wanda ya kuskura ya gwada laya a jikin ɗan Adam.

Bambancin abin da ke ɓoye mutum da abin da ke tare harsashi an nuna shi a fili. Zana, langa-langa, ƙofar katako, ƙofar mota da karan dawa ɓoyewa kawai suke yi. Bulo mai rami harsashin bindigar yaƙi na ratsa shi. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen cikin birni, gindin babbar bishiya, kwalbati, kwari da injin mota sun fi tsaro. Idan harbi ya tashi a kwanta tukuna, a gane ta inda yake fitowa, sannan a ja ciki zuwa mafaka. Shawarar tafiya gajeriya ce: a fita da hantsi a dawo kafin la'asar sakaliya, in an ga motoci sun daina fitowa daga gaba a tsaya a tambaya, ko da zai sa a kwana a hanya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Gwajin wuƙa yana buɗe ido. An gina shi a kan abin da wani ɗan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna a 1983, cewa mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21, kusan mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Ana auna tazarar a ƙasa, a ba mutum ɗaya wuƙar roba da aka shafa wa gawayi, ɗayan kuma ya sa farar riga da bindigar katako a rataye. Kusan kowa rigarsa ta yi baƙi kafin ya daidaita bindigar. Darasin ga mazaunin gari a bayyane yake: idan ƙaura ya zare wuƙa yana neman waya, a jefa masa ita gefe guda a bi ɗaya gefen.

Rana ta biyu da safe ta ma'aikacin jinyar ce, kuma ko don ita kaɗai kuɗin mutum ya fita. Jinin babban mutum kusan lita biyar ne, idan babbar jijiyar cinya ta yanke yana iya mutuwa cikin minti uku zuwa biyar, alhali daga Batsari ko Jibiya zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina tafiya ce ta kusan awa guda. Abin da na kusa ya yi a mintunan farko shi ke raba gardama. Matakin farko a yaye tufa a ga inda jinin ke fita, a danna da ƙyalle mai tsabta da nauyin jiki duka, gwiwar hannu a miƙe, minti goma ba ɗagawa don leƙe. In ƙyallen ya jiƙe a ƙara wani a kai, kada a cire na farko, domin cire shi na ɓalle gudan jinin da ya fara kamawa. Rauni mai zurfi a matsematsi, hammata ko gindin wuya, inda ɗauri ba ya yiwuwa, cusa masa bandeji ake yi da yatsa har ya cika, sannan a danna.

Idan hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa, sai ɗaurin tsayar da jini. Ana sa shi santimita biyar zuwa bakwai sama da raunin, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba, a murɗa har jinin ya tsaya cak, a rubuta lokacin a goshi ko a jikin ɗaurin. Yana da zafi matuƙa, mai raunin zai yi ta roƙo a sassauta, kuma sassautawa lokaci-lokaci da wasu ke yi shi ke ƙarasa zubar da jinin. Ba a kwancewa sai a asibiti, kuma cikin awa biyu da wuya ya jawo asarar gaɓa. Wanda ba shi da na asibiti zai iya naɗe rawani, ɗankwali ko mayafi ya yi faɗin yatsa uku, ya ɗaure, ya sa ƙaƙƙarfan itace ko sifana ya murɗa, ya ɗaure itacen kada ya warware. Igiya, waya da robar taya yanka nama suke yi, ɗaurin da bai matse sosai ba kuwa ƙara zubar jini yake, don ya tare hanyar komawar jini ya bar ta zuwansa. Ramin harsashi a ƙirji ana rufe shi da leda mai tsabta da filasta, a duba baya ko ya fita, in numfashi ya ƙara tsanani a ɗaga gefe iska ta fita. Wanda aka harba a ciki ba a ba shi ruwa. Ba a zuba toka, ƙasa, gishiri ko man birki a rauni. Kuma a lulluɓe shi ko da bazara ce, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa. An rufe da dokar 2017 da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu. Kowa sai da ya ɗaura wa abokinsa har aka daina jin bugun jijiya a wuyan hannu.

Inda horon ya kauce shi ne yammacin Lahadi, lokacin da ake koyar da ƙwace bindiga da wuƙa da hannu. Wannan awa ta rushe abin da gwajin gawayi ya gina. Abokin gwaji yana miƙo hannu a hankali ya tsaya, a kama, a murɗe, a tafa. Mai kai hari na gaske yana riƙe ka da hannu ɗaya yana suka da ɗayan, yana janyewa, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. Idan tsoro ya kama mutum zuciya na bugawa da sauri, yatsu su yi nauyi, ido ya tsaya a kan abu ɗaya, dabara mai mataki biyar ba ta fitowa. Masu judo da tekwando suna shekaru a kan irin wannan kafin jiki ya saba. Koya wa ɗan kasuwa cikin awa ɗaya ba shi ƙarfin halin da zai kashe shi ne. Da an mayar da lokacin ga kuɓucewa daga riƙon hannu da na wuyan riga, rufe kai da wuya da damtse, da turewa a gudu, da ya fi amfani.

Akwai wasu gyare-gyaren. Ɗalibai sun yi yawa ga malamai biyu, kayan gwajin ɗauri kuma ba su wadata ba, har wasu suka yi sau ɗaya tak, alhali abu ne da ke son maimaici har hannu ya iya shi cikin duhu. Babu malama mace, don haka matan da suka zo kallo suka yi a duk darasin da ke buƙatar taɓa jiki, ga shi kuwa su ne a gida da yara yawancin lokaci. Ba a ce komai ba game da kunne, alhali ƙarar bindiga ta haura ma'aunin desibel 140, harbi ɗaya a cikin ɗaki na iya barin mutum da nakasar ji. Maganar ajiya ma an yi ta a gurguje: bindiga a kulle, harsashi a wani wurin daban a kulle, makulli a jikin mai ita, ba ƙarƙashin katifa ba inda yaro ke kaiwa. Takardar shaidar da ake bayarwa kuma tana ɗauke da hoton bindiga, ya kamata a cire, a rubuta ƙarara cewa ba lasi ba ce, kafin wani ya miƙa ta a shingen bincike.

Direbobi, 'yan kasuwar ƙauye, malaman da ke aiki a Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara ko Faskari, da duk mafarauci mai lasi, horon ya cancanci kuɗinsu da lokacinsu. Mai gida ya tafi da babban ɗansa, in an samar da malama ya tura uwargida. A sa wando da takalmi sawu-ciki, a tafi da tsohuwar farar riga don gwajin gawayi, da ruwan sha isasshe don filin ba shi da inuwa sosai. Wanda ba zai samu kwana biyun ba ya zaɓi safiyar Lahadi, ya kuma nemi a bar shi ya maimaita ɗaurin a cinya, ba a hannu kaɗai ba, domin cinya ta fi wuyar matsewa kuma wani lokaci sai an ƙara ɗauri na biyu a saman na farko.